Darasi A Kan Zaɓen Shakazoba Ga Motar Da Ta Yi Ƙasa

Zuwa ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwar hatsi da dillalai da masu motocin lodi, na Dawanau da Dambatta da Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Makoda da Minjibir, da sauran kasuwannin karkara. 

Kun san kowace shekara idan damina ta ja baya kaka ta matso, maganar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce farashin gero da dawa da wake. Amma kowa ya daɗe a wannan sana'a ya san buhu ba shi da ƙafa. Kuɗin da aka saye shi a ƙauye daban, kuɗin da zai isa rumfa daban, abin da ke tsakani kuwa mota ce. Wanda motarsa ta kwana a hanya daren Asabar ya rasa kasuwar Dambatta ta Lahadi, sai kuma wani mako, ga kuɗin mutane a hannunsa. Saboda haka darasinmu na wannan karo a kan wani ƙarfe ne guda da ke ɓoye bayan taya, watau shakazoba, wanda direbobi kan gajarta su ce shok, da yadda ake zaɓensa idan mota ta yi ƙasa. Sai ku karanta a tsanake, wanda ya gane ya fahimtar da direbansa.

Babi na farko: aikin shakazoba

Ku sani cewa abu biyu ne ke tsakanin jikin mota da taya. Na farko sifirin, ko mai ganye irin na akori-kura, ko mai murɗi irin na ƙananan motoci. Shi ne ke ɗauke da nauyin mota da na kaya baki ɗaya. Na biyu shakazoba. Shi ba ya ɗaukar kaya, aikinsa hana sifirin rawa. Misalinsa kamar ganyen da mai ɗebo ruwa kan jefa cikin bokiti. Ganyen bai ɗauke masa nauyin ko ɗigo ɗaya ba, amma shi ya hana ruwan fantsalowa. To, wannan ita ce ƙa'idar farko, duk abin da za mu faɗa a gaba a kanta ya ginu.

Cikinsa kuwa ga yadda yake. Bututun ƙarfe ne cike da mai, da sanda mai sheƙi da ke shiga tana fita, a ƙarshen sandar akwai fistin mai ƙananan ƙofofi da bawul. Idan taya ta hau tudu sandar ta nutse, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙofofi, haka kuma idan sifirin ya tashi zai miƙe. Wannan kutsawa ita ke cinye ƙarfin girgiza ta mayar da shi zafi. Shi ya sa idan mota ta yi tafiya mai nisa a kan gargada, ka kai bayan hannu kusa da shakazoba a hankali, za ka ji mai rai da ɗumi. Wanda ka tarar da sanyi alhali 'yan'uwansa da ɗumi, wannan ya daina aiki.

Idan ya mutu, taya takan riƙa tsalle, tana taɓa ƙasa tana barinta. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. A wannan yanki namu da gona ke haɗe da gona, ƙauye ke kallon ƙauye, babu inda direba zai yi tafiyar minti biyar bai ci karo da jaki ko amalanke ko ɗan acaɓa ko yaro mai kiwo ba. Taku biyu da birki ya ƙara kafin mota ta tsaya, shi ne bambancin “Allah ya kiyaye” da zaman makoki. Ban da wannan akwai asarar dukiya: taya ta riƙa cinyewa gurbi-gurbi, ganyen sifirin ya karye, ɗinkin buhu ya ɓalle hatsi ya bi hanya.

Babi na biyu: motar da ta yi ƙasa iri uku ce

Kafin ka fitar da ko kwabo, sai ka san dalilin da ya sa motarka ta yi ƙasa, domin kowane dalili da maganinsa.

Iri na farko, wadda aka saukar da gangan tun daga Turai. Yawancin ƙananan motocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, waɗanda muke ce wa Beljiyam ko 'yan Kwatano. A can ƙasashen hanya shimfiɗe take, samari kuwa suna son mota ta kwanta, don ado da kuma riƙe kwana. Sai su cire sifirin na asali su sa gajere mai tauri, wanda kan sauke mota kamar santimita 3 zuwa 4. Alamarsa sau da yawa launi ne, ja ko shuɗi ko rawaya, da sunan maƙeri a jiki, kamar Eibach ko H&R, dukansu na Jamus. Akwai kuma wadda kamfani da kansa ya fito da ita a ƙasa, kamar Golf GTI, wadda ta fi 'yar'uwarta Golf ta kowa da kowa kwanciya. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma kayan ƙafa daban.

Iri na biyu, wadda aka yanke wa sifirin, ko aka gasa shi da wutar walda har ya zauna. Wannan ita ce mafi muni. Sifirin da aka yanke bakinsa ba ya zama daidai a mazauninsa, wanda aka gasa kuwa taurin ƙarfensa ya mutu, kullum ƙara zama zai yi har ya karye. Babu shakazoban da zai gyara wannan. A zubar da sifirin a sayi wani.

Iri na uku, kuma shi ne ya fi yawa a cikinmu, wadda lodi ya gajiyar. Shekara da shekaru tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, ganyen sifirin da ke da lanƙwasa kamar baka ya miƙe sumul, ko ganye ɗaya ya tsage, ko mai murɗi ya tsuke. Za ka gan ta babu kaya amma gindi a ƙasa, hanci a sama. Mutane da yawa kan ruga su sayi sabon shakazoba suna tsammanin zai ɗaga ta. Ba zai ɗaga ba, tun da mun riga mun ce ba shi ke ɗauke da nauyi ba. Abin da zai faru shi ne sabon ya riƙa dukan gindinsa, kafin kaka ta ƙare ya fara zubar da mai, mai mota ya koma yana zagin mai shago alhali laifin na sifirin ne.

Yadda za ka gane matsayin motarka shi ne awo. Ka tsayar da ita a wuri mai daidai, babu kaya. Ka auna daga tsakiyar taya, watau cibiyar wili, zuwa bakin bodin da ke samanta, a ƙafafu huɗu. Mun ce daga tsakiyar taya, domin awon da aka ɗauka daga ƙasa yana canzawa da girman taya da yawan iska. Sa'an nan ka sami irin motarka mai lafiya a tasha ka auna ta haka nan. Idan taka ta gaza a ƙafafu huɗu daidai wa daida, to an sauke ta ne. Idan baya kaɗai ne, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, gajiya ce ko karaya.

Babi na uku: tsawo da tafiyar sanda

Kowane shakazoba yana da awo uku. Tsawonsa a miƙe, tsawonsa a tsuke, da bambancin da ke tsakaninsu, wanda shi ne tafiyar sanda. Maƙera sun yi shi ne yadda idan mota na tsaye a tsayinta na asali, fistin zai zauna wajen tsakiya, yana da filin nutsewa idan an hau tudu, da filin miƙewa idan taya ta faɗa rami.

Bari mu kawo misali da lissafi, tun da mu mutanen lissafi ne. A ƙaddara shakazoba a miƙe santimita 55 ne, a tsuke 35, tafiyarsa 20 ke nan. A tsayin asali yana zaune a 45, goma sama goma ƙasa. A ƙaddara kuma a tsaye yake kusa da taya, yadda duk abin da mota ta sauka shi ma ya sauka. To, an sa gajeren sifirin mota ta sauka da 4, ya koma 41, saura 6 ya kai ƙarshe. Ka zo ka ɗora buhu uku a baya, ta ƙara sauka da 4, saura 2. Santimita 2 bai kai inci ɗaya ba. Bakin kwalbati ɗaya ya isa fistin ya daki gindin bututu, bawul ya lalace ko sanda ta lanƙwashe. Wannan ita ce illar farko ta dogon shakazoba a motar da aka sauke.

Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa. A ƙananan motoci da yawa, shakazoba ne ke tsayar da taya idan ta rataya. Idan shi dogo ne sifirin gajere, sa'ad da taya ta faɗa rami mai zurfi sai sifirin ya saki, ya yi sako-sako, wani lokaci ya goce daga mazauninsa. Idan ya koma a karkace yana iya yanka taya ko tiyon birki.

Akasin haka ma illa ce. Gajeren shakazoba a motar da ke da cikakken tsayi, ko wadda aka ƙara wa ganye ko aka sa mata robar ɗagi ta wuce ƙa'ida, kullum a miƙe yake har ƙarshe. Kowane rami sai ya fizge shi, ka riƙa jin ƙwas-ƙwas, daga baya idon da aka ɗaure shi da shi ya tsinke.

Saboda haka ga sharuɗɗa uku da muke ba da shawara a cika su. Na ɗaya, idan an ɗora wa mota kayan da ta saba ɗauka, filin nutsewar da ya rage kada ya gaza sulusin tafiyar sanda. Na biyu, robar tsaro, watau dunƙulen robar nan da ke tare ƙarfe kada ya daki ƙarfe, ta riga shakazoba kaiwa ƙarshe. Idan ta ruɓe ko ta faɗi a sa sabuwa, kuɗinta kaɗan ne, abin da take karewa mai yawa. Na uku, a ɗaga mota da jak har taya ta rataya, a kama sifirin a girgiza. Idan ya motsa a mazauninsa, shakazoban ya yi masa tsawo.

Fa'ida: inda ana iya ganin sandar, ka ɗaura mata robar ɗaure kuɗi a ƙasa daf da bakin bututu, ka yi lodi ka tafi kasuwa ka dawo. Inda ka tarar da robar, nan ne iyakar inda sandar ta nutse. Idan ta kai ƙarshen sama, shaida ke nan ba sai an yi gardama ba.

Babi na huɗu: wace hanya za a bi

Hanya biyu ce. Ko a mayar da mota tsayinta na asali, ko a bar ta a ƙasa a nemo mata shakazoban da aka yi don gajeren sifirin.

Mu dai shawararmu ga duk mai shiga ƙauye ita ce ta farko. Ku dubi hanyoyinmu. Da zarar an sauka daga kwaltar Kano zuwa Katsina, ko ta Kano zuwa Daura, sai burji, daga burji sai burtali tsakanin gonaki, inda manyan motoci da amalanken shanu suka haƙa layi biyu cikin rairayi suka bar tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ke cin salansa, shi ke fasa kaskon baƙin mai na ƙarƙashin inji. Idan kaskon ya tsage direba bai lura ba, inji ne zai tafi gaba ɗaya. Ba banza ba iyayen gidanmu suka riƙe Fijo. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka cika tashoshin Arewa, saboda tsayinsu da doguwar tafiyar ƙafarsu. A wannan shekarar ta 1975 ce ma 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyi irin namu. Abin da ya ba ta wannan suna shi ne abin da mai sauke mota ke zubarwa da hannunsa.

Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya sayi sifirin da shakazoba tare, na irin motar da ba a sauke ba. Kada ya canza ɗaya ya bar ɗaya, domin gajeren shakazoban da ya zo da motar ba zai yi wa dogon sifirin ba.

Wanda kuma motarsa ta hawa ce, daga gida sai rumfa a kan kwalta, yana son ta a yadda take, to ya nemi gajeren shakazoba mai ƙarfin riƙo. Dalilin ƙarfin shi ne gajeren sifirin ya fi tauri, yana dawowa da zafi, mai laushi ba zai iya tausarsa ba. Manyan maƙera suna rarrabewa. Misali kamfanin Bilstein yana da B6 mai tsawon asali, yana da B8 wanda aka gajarta musamman don motar da aka sauke. Ba kowane shago ke ajiye irin wannan ba, kuma kuɗinsa ya fi. Sai mai mota ya auna da kansa ko adon ya kai wannan kuɗi.

Babi na biyar: mai, gas, da bututu ɗaya

A kasuwa za ku ji ana cewa wannan na mai ne, wannan na gas ne. Ku sani dukansu da mai suke aiki. Na mai zalla bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Yana da laushi da araha, amma idan aka daɗe a kan gargada man yakan yi zafi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe fistin, sai mota ta fara lilo. Na gas mai bututu biyu, an ƙara masa iskar naitirojin kaɗan don ta danne man kada ya yi kumfa. Ga yawancin motocinmu wannan shi ne tsaka-tsaki mai kyau.

Na uku shi ne mai bututu ɗaya, wanda gas mai ƙarfi ke zaune a ƙarshensa, an raba shi da mai da wani fistin na biyu. Wani Bafaranshe mai suna de Carbon ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Bilstein ya fara sa wa motocin Marsandi a 1957. Ya fi saurin huce zafi, ya fi jure doguwar gargada. Amma yana da aibi biyu da ya kamata ku sani. Idan dutse ya lotsa bututun, fistin zai cije, tun da babu bututun waje da zai kare shi. Sa'an nan ɗakin gas ɗin yana cin wuri, saboda haka a tsawo ɗaya tafiyar sandarsa kan gaza ta mai bututu biyu. Motar da ta riga ta yi ƙasa kuwa tafiyar sanda ce abin da take nema ruwa a jallo. Don haka a auna kafin a biya.

In wani ya ce, ai na gas yana ɗaga mota, ga shi idan ka danna sandar da kanta take fitowa, sai mu ce turin nan bai kai nauyin rabin buhu ba. Ina rabin buhu ina motar da ke ɗauke da tan guda?

Babi na shida: a gaban mai shago

Ko a Kofar Ruwa ka je a Kano, ko ka aika Ladipo a Legas, ko Nnewi, kaya aji uku ne: sabo gangariya, na hannu wanda aka ciro daga motar Turai, da jabu. Cikin jabu akwai sabon da aka buga wa sunan wani, akwai mataccen da aka huda aka ɗura wa mai aka toshe da walda aka fesa fenti. Sunayen da aka sani su ne irin KYB na Japan, Monroe na Amurka, Sachs na Jamus, Koni na Holan. To amma ku tuna, sunan da ya fi farin jini shi ɓarayi suka fi kwaikwaya. Kwali ba shaida ba ne, kamar yadda saman buhu ba shi ne shaidar ƙasansa ba.

Ka tafi da tsohon a hannu, da lambar shasi, wadda a motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, da awon da ka ɗauka a rubuce. Ba a cinikin biri a sama. Ka jera su biyu a ƙasa, a miƙe da a tsuke. Ka duba kawunansu, domin wani ido ne mai roba, wani tsinke ne mai noti, kuma faɗin ramin ma yana bambanta.

Sa'an nan ka tsayar da shi, kai a sama yadda yake zama a mota, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar. Mai lafiya za ka ji riƙo tun daga farko har ƙarshe, kuma yawanci ja ya fi danni wuya. Idan ka ji wani wuri ya wuce fayau babu riƙo, ko ka ji ƙurji, ajiye shi. Na gas idan ka saki, sandar ta fito da kanta a hankali. Ka shafa sandar da yatsa, kada ka yarda da tsatsa ko ƙarzuwa, domin su ke cinye robar baki mai ya tsiyaye. Ka duba jikin bututu ko akwai ɗigon walda ko sabon fenti a kan tsohon datti. Ka gwada biyun da za ka saya tare, ƙarfinsu ya zama ɗaya. Daga ƙarshe ka karɓi rasit, a rubuta sharaɗin mayarwa idan aibi ya bayyana cikin kwanakin da kuka yarda. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan sharaɗi.

Ba mu rubuta farashi a nan ba da gangan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin kayan mota ya daina zama wuri ɗaya. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafi. A ƙaddara ɗaya kuɗinsa kashi guda ne yana yin kaka ɗaya, ɗayan kuɗinsa kashi biyu yana yin kaka uku. Cikin shekara uku mai arahar ya ci kashi uku, da kuɗin makanike sau uku, da ranakun kasuwar da mota ta yi a gareji. Araha ba ta ado.

Babi na bakwai: wajen ɗaurawa

Biyu-biyu ake canzawa, na gaba tare, na baya tare. Sabo a dama tsoho a hagu yana sa mota ta karkata idan an taka birki. A canza robobinsa tare da shi. Kada a bar yaron gareji ya kama sandar da filaya, tabo ɗaya ya isa ya kashe shi. Notin da ke ratsa idon roba kada a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota tayoyinta sun taka ƙasa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Ƙananan motoci irin su Golf da Corolla, ƙafarsu ta gaba shakazoba da sifirin a haɗe suke. Sifirin nan a matse yake da ƙarfin da zai iya karya wa mutum muƙamuƙi. Da ƙarfen matse sifirin ake kwance shi, ba da igiya ko waya ba. Bayan an gama a kai mota a daidaita tayoyin gaba, domin saitinsu kan goce, musamman idan tsayin mota ya canza. Tsohon na gas kuwa kada a jefa shi wuta, kada a ba yara su fasa.

Babi na takwas: lodi

Duk abin da muka faɗa zai tashi a banza idan ba a kula da wannan ba. A jikin motocin Turai akwai ɗan faranti ko takarda, a ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, mai lambobi huɗu a jere. Na farko iyakar nauyin mota da kayanta, na biyu idan tana jan wata, na uku iyakar ƙafar gaba, na huɗu iyakar ƙafar baya. Ƙaramar mota abin da aka yarda ta ɗauka bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da mutanen ciki. Buhunmu mai tiya 40 kuwa wajen kilo 100 ne. Ka cire direba da yaron mota, abin da ya rage buhu uku ne. Akori-kura wajen tan ɗaya ce, buhu goma ke nan. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ranar kasuwa, har da fasinja a kan kaya.

In wani ya ce, ni na ƙara ganye biyu, yanzu tana ɗaukar goma sha biyar ba ta zauna ba, sai mu ce ganye ka ƙara, ba ka ƙara birki ba, ba ka ƙara taya ba, ba ka ƙara kaurin ƙarfen da tayoyin ke juyawa a kansa ba. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lodin da ya wuce ƙa'ida cikin laifuffukan hanya. Amma tararta ita ce mafi sauƙin abin da zai iya samun mutum. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da buhuna a warwatse cikin gonar mutane, kada garin neman ƙiba a samo rama. Kuma wajen jera kaya, masu nauyi su zauna gaba da tayar baya. Abin da aka tara a can ƙarshen bodi yana ɗaga hancin mota, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta riƙa haske idon mai zuwa.

Ku kuma dillalai, wannan darasi ya shafe ku ko ba ku da mota. Kayan da kuke turawa amana ce ta masu su. Kafin a fara lodi ku zaga bayan motar, ku danna gindinta da ƙarfi ku saki. Idan ta tashi ta tsaya, madalla. Idan ta yi ta lilo sau biyu sau uku, ko kuka ga mai ya jiƙa jikin shakazoba ƙura ta manne, ku nemi wata motar, ko da mai ita abokinku ne.

Wasu maƙera kan ce a duba shakazoba sosai idan ya yi tafiyar kilomita 80,000. Wannan lissafin masu kwalta ne. Mu namu lissafin shi ne sau biyu a shekara: kafin saukar damina, da kuma kafin a fara yankan gero, tun gareji bai cika ba, tun kuɗin kaya bai hau ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Haza wassalam.